Bai Taɓa Faɗuwa Ba

Ƙanena, wanda ake kira Kututture, bai taɓa faɗuwa a cikin ringin dambe ba. Wasa talatin da biyar ya yi, ko gwiwarsa ɗaya ba ta taɓa shafar ƙasa ba. Har yau in na bi ta bakin tasha sai wani ya ɗaga min hannu ya ce, "Koci, ina Kututture? Kai, an yi namiji!" Sai in ce yana gida, in ƙara sauri, don in na tsaya zan iya zagin bawan Allah da bai yi min laifin komai ba.

Ni ne yayansa, ni ne kuma kocinsa. Damben safar hannu muke yi, irin wanda ake auna nauyi, a sa hannu a takarda, a buga ƙararrawa. Ni na fara shiga harkar, wasa uku kacal na yi. A na ukun wani dogo ya ɗan shafe ni a haɓa, ban san lokacin da na kwanta ba, sai dai na farka na ga fitilun rufi suna juyawa, alƙalin wasa a kaina yana cewa takwas. Daga ranar na san ba a halicce ni don shan duka ba. A sana'armu haɓa kyauta ce, ba a koyar da ita. Wani a taɓa shi ya zube, wani a yi ta jibgarsa yana kallonka. Ni aka hana, aka ba ƙanena, kuma wallahi na yi alfahari da haɓar nan tasa fiye da yadda shi ya yi.

Kowane koci yana da yadda yake gane ko ɗan wasansa yana cikin hayyacinsa bayan ya sha naushi. Wani yatsu yake ɗagawa ya ce nawa ne. Wani ya tambayi ranar mako. Ni nawa daban ne. Lokacin muna yara mahaifinmu ya saya masa takalmin makaranta sabo fil, ni kuma na ɗauke na tafi da shi wurin horo, na dawo da shi a yage. Ya yi kuka kwana biyu, ya kuma laƙa min suna. To shi ya zama gwajinmu. Duk sanda aka buga ƙararrawa ya dawo kusurwa ya zauna, sai in cire masa robar baki, in kama fuskarsa in ce, "Wane ne ni?" Shi kuma ya ce, "Ɓarawon takalmina." In ya faɗa, to kansa lafiya, in mayar masa da robar in tura shi. Shekara goma sha huɗu muna haka, bai taɓa kuskure ba ko sau ɗaya.

Wurin horonmu a saman shagon masu faci yake. Buhun naushi uku, ɗaya an naɗe shi da salatif ya fi sau goma, da madubi mai tsagewa daga sama har ƙasa, da fanka mai fiffike biyu. Wata Talata da hantsi wani mutum ya hawo mana, yana toshe hanci saboda warin gumi da na taya. Mai Tabarau muke ce masa. Shi ne mai nemo wa manyan 'yan wasa abokan karawa, kuma a lokacin yana riƙe da wani matashi da ake kira Guduma, wanda ya kwantar da mutum goma sha ɗaya a jere, ba wanda ya kai zagaye na uku.

Bai ko gaisa da kyau ba ya ce, "Koci, 'yan kallo sun fara gunaguni. Kafin mutum ya gyara zama an gama wasa. Ina neman wanda zai daɗe a gaban Guduma."

Na ce, "Ai kuwa ka zo inda ya dace."

Ya sa Kututture ya cire riga. Ya zagaya shi, ya matsa masa wuya da yatsu, ya ɗaga masa haɓa ya duba hagu da dama, ya sa shi ya yi tsalle da igiya yana kallon ƙafafunsa. Ƙanena yana ta murmushi, don shi mutum ne da ba ya jin haushi. Ni kuwa na ce a raina ko dabba za ka saya ai ka yi mata sallama. Daga nan ya jawo kujera ya buɗe kwamfutarsa, ya ce in zo in ga wani abu.

Wasannin ƙanena ne guda uku na baya. Ya zauna ya ƙirga kowane naushi da ya sauka a kansa, ya rubuta. Ya rage gudun hoton har ana ganin gumi yana tashi daga gashinsa.

Ya ce, "Kalli nan. Wannan shekara uku da suka wuce. An same shi a muƙamuƙi, ƙafarsa ko gezau. To kalli na bara. Ka ga gwiwar hagu? Ta ɗan lanƙwashe. Kalli na watan jiya. Ka ga idon? Daƙiƙa biyu ya yi yana kallon inda babu kowa."

Na ce, "Ya faɗi?"

"Bai faɗi ba."

"To me kake nuna min?"

Ya rufe kwamfutar ya ce, "Haɓa sabulu ce, Koci, kowane wanki da abin da yake ragewa. Ni ba na ɓoye maka. Ta ƙanenka ta kusa ƙarewa, shi ya sa nake son sa. Zai kai zagaye na bakwai ko na takwas, mutane su more kallo, sannan Guduma ya zama mutum na farko da ya kai shi ƙasa."

Ka ji fa! A gabana, a wurina, a kan kujerata. Da ina da hankali da a nan na ce masa ya sauka kafin in sauke shi. Mutumin nan ya faɗa min gaskiya tsirara, ya ma nuna min ita da hoto, amma ni abin da na ji kawai shi ne an raina mu. Na ce, "Kawo takardar. Zagaye goma zai yi a tsaye, ka ƙirga wannan ma ka rubuta." Kututture ya kalle ni ya ce, "Duk yadda ka ce, Yaya." Haka yake cewa tun yana ɗan shekara sha huɗu.

Bayan kwana biyu matarsa ta zo. Tela ce, shagonta yana gaban gidansu, kuma ba ta taɓa taka wurin horonmu ba sai ranar. Ta tsaya a bakin ƙofa da zare maƙale a hannun rigarta, ta gaishe ni cikin ladabi kamar kullum, ta ce tana son magana.

Ta ce, "Yaya, ƙanenka ba daidai yake ba."

Na ce, "Me ya same shi? Yanzu ya gama zagaye takwas da buhu."

"Shekaranjiya ya je ɗauko 'yarmu daga makaranta, ya tsaya a mararraba ya rasa hanyar gida, ita ta riƙo hannunsa ta kawo shi. Ya ajiye makullin shagona a cikin firji. Ya tambaye ni sau uku ko ya ci abinci, kwanon yana gabansa."

Na yi dariya, Allah ya yafe min. Na ce, "Gajiya ce. Ni ma jiya na nemi wayata tana hannuna."

Ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya."

Na ce mata ni ma na san ɗakin, tun kafin ta shigo shi. Na ce ina da gwajina, kuma bai taɓa faɗuwa gwajin ba. Ta ce ta san gwajin, ai har a gida yana faɗa yana dariya.

"Amma Yaya, abin da mutum ya maimaita shekara goma sha huɗu ko cikin barci zai faɗe shi. Ka tambaye shi sabon abu. Makon jiya shi da kansa ya shafa wa ƙofar gidanmu fenti kore. Ranar wasan, in ka ga ya sha duka, don Allah ka tambaye shi launin ƙofarmu. In ya faɗa, ka tura shi. In bai faɗa ba, ka jefa tawul a tsayar da wasan. Abin da nake roƙonka ke nan."

Na ce to, na ji, don dai ta tafi. A raina na ce mai keken ɗinki ce za ta koya min dambe.

Saura likitan hukumar dambe, wanda sai ya sa hannu ake barin mutum ya hau ringi. Tsoho ne mai kirki, ya fi shekara ashirin a kujerar. Zai haska maka ido da 'yar tocila, ya ce ka bi yatsansa, ka tsaya da ƙafa ɗaya, sannan ya faɗa maka kalmomi biyar ya ce ka riƙe, bayan minti biyar ya tambaye ka. Abin da bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, shi ne tun da ya fara aiki bai taɓa canza kalmomin ba. Kujera, lemo, agogo, jirgi, makulli. Duk ɗan damben garin ya haddace su, har waƙa ake yi da su a wurin tsallen igiya.

A cikin mota muna tafiya na ce wa ƙanena, "Faɗo min biyar ɗin nan." Ya ce kujera, lemo, sai ya maƙale yana kallon titi. Na tsorata, ba zan yi ƙarya ba. Amma maimakon in juya kan motar, sai na yi ta biya masa kamar mai koya wa yaro karatu, muka maimaita ya fi sau talatin har muka isa. A gaban likita ya zubo su tas. Tsohon ya buga hatimi ya ce, "Kututture ke nan, kai ƙarfe." Na fito ina jin daɗi kamar ni na ci jarrabawa, don kuwa ni na ci ta.

Ranar Asabar da yamma aka yi wasan, a babban ɗakin wasanni, ya cika maƙil. Matar ƙanena ba ta taɓa zuwa kallo ba, ranar ta zo, ta zauna a layi na uku daidai bayan kusurwarmu.

Guduma ba ƙarya ba ne. Naushinsa na farko da ya sauka na ji ƙararsa a haƙorana. Zagaye uku na farko ƙanena ya yi abin da ya iya, ya matse shi, ya ba shi a ciki, ya sha biyu ya rama ɗaya. Daga na huɗu abin ya koma duka zalla. Yaron ya gano gefen hagu a buɗe yake, ya yi ta aunawa a wuri ɗaya, ƙasan kunne. 'Yan kallo suna ihu, "Kututture! Kututture!" Duk naushin da ya sha bai faɗi ba sai ihun ya ƙaru. Ba wanda yake yi masa ihu don ya daki wani, don an dake shi ake yi.

Ƙarshen zagaye na shida aka buga ƙararrawa, ya juya ya nufi kusurwar Guduma. Sai da alƙalin wasa ya kama kafaɗarsa ya juyo da shi. Ya zo ya zauna, na cire robar, na zuba masa ruwa a ƙeya.

"Wane ne ni?"

"Ɓarawon takalmina."

Na tura shi.

A na bakwai aka same shi da wani na dama da ya juya masa kai gaba ɗaya. Na ga gwiwar hagun nan da Mai Tabarau ya nuna min, ta lanƙwashe, ta kuma miƙe. Na waiga na ga Mai Tabarau yana duba agogonsa. Wannan duba agogon ya ƙona min rai fiye da jinin da ke zuba daga girar ƙanena.

Ya dawo ya zauna. Idonsa yana kaina amma ba ni yake gani ba, na san wannan kallon, na ga irinsa a hoto. Yana haki ya ce, "Yaya, an fara?"

Zagaye bakwai ya yi, yana tambaya ko an fara.

Daga bayana na ji muryarta ta keto duk hayaniyar. "Yaya, ƙofar! Tambaye shi ƙofar!"

Tawul yana kafaɗata. Tambayar tana bakina, kalma huɗu ce ko biyar. Mutane suna cewa a irin wannan lokacin kai yana ɗaukar zafi, mutum bai san abin da yake yi ba. Ƙarya ne, ni na san abin da nake yi sarai. Na san in na tambaye shi launin ƙofar ba zai sani ba, in bai sani ba dole in jefa tawul, in na jefa Mai Tabarau ya yi gaskiya, a zagaye na bakwai kamar yadda ya faɗa. Don haka na zaɓi tambayar da na san amsarta. Na kama fuskarsa da hannu biyu.

"Wane ne ni?"

"Ɓarawon takalmina."

Na mayar masa da robar na ce, "Saura uku. Tashi."

Ya tashi. Ya yi na takwas, ya yi na tara, ya yi na goma, yana jingina da igiya yana dawowa. Ban san da me ya tsaya ba. Da aka buga ƙararrawar ƙarshe ɗakin ya kusa tsagewa. An ba Guduma nasara da maki, amma ba wanda ya kula shi, ƙanena aka ɗaga sama. Na bi ta gaban Mai Tabarau na ce, "Ka ƙirga?" Ya cire tabaransa ya kalle ni ya ce, "Na ƙirga, Koci."

A lungun da ke zuwa ɗakin canza kaya ya faɗi. Muna tafiya hannuna a kafaɗarsa, ina ba shi labarin yadda mutane suka yi ihu, sai ya ce kansa yana ciwo, ya yi amai, ya sulale a jikin bango. Babu alƙalin wasa a wurin, babu mai ƙirge, shi ya sa ba a rubuta ta a faɗuwa ba. A asibiti suka ce jini ne ya taru a cikin kansa. Suka buɗe, suka cire, ya kwana goma sha tara bai san inda yake ba. Wata likita mai ƙaramin jiki ta tambaye ni ko akwai alamar da muka gani kafin wasan. Matarsa tana tsaye a gefena. Na sunkuyar da kai, ita ma ba ta tona ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Wata biyar na yi ban iya zuwa gidan ba. Ina aika saƙo, ina tambaya a waya, amma ƙafata ta ƙi. Ranar da na daure na je da safe ne. Na same shi zaune a kan benci a gaban koriyar ƙofar nan, an yi masa wanka an sa masa riga mai tsabta, ya yi ƙiba, tabon ɗinki ya zagaye rabin kansa. Ƙarar kekenta tana fitowa daga shago.

Na yi sallama. Ya amsa da fara'a, ya matsa min wuri a bencin.

Ya ce, "Sannu da zuwa, malam. Ɗinki ka kawo? Tana ciki."

Na zauna kusa da shi. Keken ya tsaya. Ta fito da almakashi a hannu, ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ba ta rage komai ba. Ta tsaya tana kallonmu.

Ta ce, "Yi masa gwajin naka mana, Yaya."

Na ce, "Don Allah ki bari."

"A'a, yi masa. Ai kai ka san ɗakin tun kafin in shigo."

Ban san abin da ya sa na yi ba. Wataƙila na sa rai ne. Na juya na kalle shi na ce, "Wane ne ni?"

"Ɓarawon takalmina."

Ko numfashi bai ja ba. Ya ɗaga hannayensa biyu ya kare fuska, ya buɗe baki yana jiran in sa masa roba, ya fara yunƙurin tashi. Hawaye ya zubo min. Na kama hannunsa na ce, "Ya gane ni! Kin ji? Wallahi ya gane ni!"

Ta ajiye almakashin a kan benci, ta durƙusa a gabansa, ta sauke masa hannayen a hankali, ta kama fuskarsa kamar yadda nake yi.

Ta ce, "Wane ne ni?"

"Ɓarawon takalmina."

Ta goge masa gefen baki da bakin mayafinta, ta miƙe.

Ta ce, "Haka yake ce wa 'yarsa. Haka ya ce wa mai kawo mana ruwa. Ya ci gwajinka, Yaya, lafiyarsa ƙalau. Sai ka tura shi."

Ta ɗauki almakashinta ta koma shago, keken ya ci gaba. Shi kuma yana nan zaune bakinsa a buɗe, yana kallona, yana jiran robar.